ZANCEN MAKO: Hular mai keke a birnin Yamai

Na san wasu daga cikinku, da sun ga kan maganar wannan mako, za su ce lalle mai wannan fili ya rasa abin faɗi: ga tsadar cimaka, ga kuɗin haya, ga matsalar tsaro, shi kuwa sai zancen hula. Ina roƙon ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙasa, in ya so daga baya ku yanke hukunci. Abin da ya sa na ɗauko zancen, da idona na gan shi, kuma har yau bai bar raina ba.

Wata safiya cikin watan Janairu ina tafe a ƙasa bisa gadar Kennedy, na fito daga Harobanda zan shiga gari. Iskar hunturu tana kaɗawa, hazo ya rufe kogin Isa har ba a hangen masunta cikin jiragensu. Sai wani dattijo ya wuce ni bisa tsohon kekensa, ya sha farar riga, ya kafa hula zanna mai aikin hannu. Bai yi nisa ba iska ta fizge hular. Abin da kowanenmu zai yi, shi ya yi: ya saki hannu ɗaya ya kai mata cafka, ya waiwaya, ɗaya hannun kuwa ya matse birkin gaba. Keke ya tsaya cak, shi kuma ya tuntsura ta gaba, kansa ya bugi bakin dakalin masu tafiya a ƙasa. Direban taksin da ke bayansa ya taka birki da ƙyar. Allah ya yi da sauran kwana.

Muka ɗauke shi aka kai shi asibiti, aka ɗinke masa goshi, aka tarar kuma ƙashin kafaɗarsa ya karye. Ni na tsinto hular, don haka bayan kwana biyu na kai masa ita gida. Ashe masinja ne a wata ma'aikata, irin waɗanda muke kira planto, kuma shekara da shekaru keken nan ne ƙafarsa. Na ce masa: "Baba, sannunku da jiki. Amma me ya sa ba ku bar ta ta tafi ba?" Ya dube ni ya ce: "Ɗana, wata uku na yi ina biyan kuɗin hular nan. Kuma ka gaya mini, da wane ido zan shiga gaban shugabana kaina babu hula, kamar yaron da aka aika sayen goro?"

Ban sami abin ce masa ba, domin gaskiya ya faɗa. A wurinmu hula cikar kamala ce. Magidanci ba ya zuwa masallacin Juma'a, ko ɗaurin aure, ko gaisuwar mutuwa da kai a buɗe. Sai dai waɗanda suka ƙago zanna da damanga da dara sun yi su ne domin mai tafiya a ƙasa da mai zama a zaure. Ba wanda ya auna su da iskar tsakiyar gada mai tsawon mita 710. Dattijon nan wata biyu ya yi bai hau keke ba, iyalinsa kuwa ba su daina cin abinci ba cikin waɗannan watanni.

Keke bai tsufa ba

Wani zai ce ai zamanin keke ya wuce, yanzu moto ake yayi. Wanda ya faɗi haka bai fita da asuba ba. Ya tsaya bakin gada ko hanyar Saga da Gamkalle bayan sallar asuba, zai ga masu lambu sun ɗoro salati da kabeji da tumatir za su kasuwa, ga masu burodi, ga masu gadi suna komowa daga aikin dare, ga ƴan makaranta, ga magina da kayan aikinsu ɗaure a baya. Waɗannan mutane su ke tashe da garin tun kafin manyan motoci su fito daga gidaje.

Kuma duk lokacin da abubuwa suka ƙuntata, keke muke komawa gare shi. Iyayenmu ma'aikata ba su manta da ranar 12 ga Janairun 1994 ba, ranar da darajar kuɗin sefa ta faɗi da rabi, kayan waje suka yi tsada, ga albashi yana yin watanni bai fito ba. Da yawa a lokacin suka jingine moto suka kakkaɓe tsofaffin Raleigh da Peugeot da Phoenix. Haka muka sake gani a watan Maris na 2025, sa'ad da man fetur ya yi ƙaranci, layukan motoci da moto suka cika gidajen mai na Yamai, mai keke kuwa yana wuce su cikin kwanciyar hankali. A Wagadugu malamin makaranta da ma'aikaciyar ofis suna hawan keke ba wanda ya dube su. A nan wasunmu suna jin kunyarsa, har sai aljihu ya cire musu kunyar.

Tun da haka ne, abin da mai keke zai sa a kansa ya cancanci a yi masa tunani. Akwai wani ɗan lissafi da aka koya mana a makaranta wanda ya dace a tuna: ƙarfin da iska ke tura abu da shi yana ƙaruwa ne ninki bisa ninki. In gudun iskar da ke bugun fuskarka ya ninka sau 2, ƙarfinta ya ninka sau 4. Mai keke da ke gudun kilomita 15 a awa, in ya fuskanci iska mai gudun kilomita 15, to hularsa tana shan bugun iska mai kilomita 30 ke nan. Hular da ta zauna daram sa'ad da kake tsaye ƙofar gida, ba lalle ta kai ka tsakiyar gada ba.

Saboda haka kafin ka hau, tambayi hularka abu huɗu. Za ta zauna ba tare da na riƙe ta ba? Za ta kare ni daga abin da sama ta zo da shi yau? Za ta bar zufa ta fita? Za ta bar mini idona da kunnena? Akwai tambaya ta biyar, wadda ta fi su duka nauyi, amma na aje ta sai ƙarshe.

Lokacin ɗari

Daga Disamba zuwa Fabrairu, ma'aunin zafi a Yamai yakan sauka zuwa 15 ko ƙasa da haka da asuba, musamman a unguwannin bakin kogi. Bature zai yi dariya, amma jikin da ya saba da 40 ya san abin da 15 take nufi, balle a bisa keke inda iska ke kwashe ɗumin jiki. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa. Ma'aikacin da ke kwana Harobanda yana aiki Plateau, gaba da gaba yake yi da ita kowace safiya.

A wannan lokaci hular sanyi ta ulu, wadda ake sakawa har kunne, ita ce ta fi dacewa. Tana kama kai, iska ba ta da bakin da za ta shiga ta ɗaga ta, kuma da rana ta yi sai a naɗe ta a sa aljihu. Kakanninmu ma sun san wannan dabara: hula haɓar kada, mai kunnuwa biyu da ake saukewa ko a ɗaga, an yi ta ne don irin wannan sanyi. Sai dai a kula da kauri. Mai keke da kunnensa yake ganin abin da ke bayansa. Hular da ta hana ka jin hon ɗin mota ko ƙarar moto ta cuce ka fiye da sanyin da ta tare.

Rawani kuwa, ba abin da ya kai shi maganin ƙura. Buzaye ba su naɗa shi don ado kawai ba. Amawalin da ke rufe hanci da baki yana tace iska, yana kuma riƙe ɗan danshin numfashi don kada maƙogwaro ya bushe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ke tsakiyar yankin sanƙarau. Likitoci sun daɗe da lura cewa cutar tana tashi ne lokacin busasshiyar iska da ƙura, sa'ad da fatar cikin hanci da maƙogwaro ta tsattsage. A 1996 annobar ta kama mutane wajen 250,000 a ƙasashen yankinmu, ta kashe wajen 25,000. A 2015 ta sake faɗo wa Nijar, ta kama fiye da mutane 8,000, ta kashe fiye da 500, har aka rufe makarantun Yamai cikin watan Afrilu. Rufe hanci yana rage wahalar ƙura, amma ba ya maye gurbin allurar rigakafi. Kowa ya ji ana yi, ya kai iyalinsa. Kuma ƙyallen da ake rufe hanci da shi a riƙa wanke shi, kada ya zama rumbun ƙura.

Haɗarin rawani yana wutsiyarsa. Duk abin da ke lilo, ko bakin rawani ne, ko gyale, ko dogon hijabin ƴan matanmu masu zuwa makaranta bisa keke, yana iya shiga tsakanin wayoyin ƙafar baya ko cikin sarƙa. A 1927, a birnin Nis na Faransa, wata shahararriyar mai rawa Ba'amurkiya, Isadora Duncan, ta rasa ranta nan take domin dogon gyalenta ya naɗe a ƙafar motar da take ciki. Keke ba shi da ƙarfin mota, amma ya isa ya fizgo wuya ya kayar da mutum ƙarƙashin motar da ke biye. A soke bakin rawani sosai. Uwaye kuma su duba ƴaƴansu mata kafin su fita: a tattara mayafi a cusa cikin riga ko ƙarƙashin igiyar jakar makaranta.

Lokacin bazara

Daga Maris zuwa ƙarshen Mayu kiɗa ya canza. A watan Afrilu ma'aunin zafi yana wuce 40 kusan kowace rana, wata rana ya tasam ma 45, kuma wannan a inuwa ake aunawa. Mai keke yana bisa kwalta, rana ta sama, turirin hanya ta ƙasa, ga jikinsa yana aiki. Abin da ya faru a maƙwabta a 2024 ya isa gargaɗi: ranar 3 ga Afrilu an auna 48,5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma cikin kwana huɗun farko na watan, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mutuwar mutane fiye da 100. Cikin watan azumi abin ya faɗo.

A nan malafa ce sarauniya. Manomi da makiyayi sun riga masana sanin sirrinta: saƙar kaba tana da ƙananan ƙofofi da iska ke ratsawa, bakinta kuma yana yi wa fuska da kunnuwa da ƙeya inuwa gaba ɗaya. Kabar nan ganyen goriba ce, kuma muna da ita har wani kwari na jahar Maradi ya ci sunanta, Gulbin Kaba. Abin mamaki, ma'aikaci yakan raina malafa ya ce ta ƴan ƙauye ce, ya sa baƙar hula mai kauri wadda ke dafa masa kai. Baƙin abu yana shan zafin rana, fari yana mayar da shi. Ɗan firamare ma ya san haka.

Amma ba kowace malafa ce ta mai keke ba. Gurumfa mai faɗin faifai, wadda ta dace da mai noma, a bisa keke tana zama kamar filafilan jirgi: iska ta cika ta, ko ta cire ta, ko ta lanƙwasa bakinta ya rufe ido. A nemi mai matsakaicin baki, kamar faɗin tafin hannu, mai ƙarfin saƙa. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne igiyar haɓa. Malafar Fulani da ita take zuwa, domin mai kiwo ya san guguwa. Wadda ba ta da ita, kowane baduku zai sa mata cikin ƴan mintoci, kuma kuɗin bai kai na kwanon shinkafa ba.

Samari sun fi son hana salla, hular nan mai baki a gaba. Tana da amfaninta: tana kama kai, tana tare hasken da ke kashe ido da safe da yamma, sa'ad da rana ke ƙasa-ƙasa. Aibinta shi ne ta bar ƙeya da kunnuwa a fili, alhali mai keke a sunkuye yake, ƙeyarsa ce ke kallon rana. Maganin abin mai sauƙi ne: a shimfiɗa farin ƙyalle bisa kai ya sauko har wuya, sa'an nan a ɗora hular. Wanda ya jiƙa ƙyallen da ruwa kafin ya tashi ya ƙara samun sauƙi, domin iskar Maris da Afrilu busasshiya ce, ruwan yana bushewa yana tafiya da zafin kai, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

Duk da haka, babu hular da za ta sa tafiyar ƙarfe 1 na rana ta zama lafiya. Mai iko da lokacinsa ya yi zirga-zirgarsa kafin ƙarfe 11 ko bayan la'asar. Wanda ya ji ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya yana bisa keke, ya sauka nan take ya nemi inuwa da ruwa. In kuka ga mutum ya ruɗe, maganarsa ta hargitse, jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, to ku kai shi inuwa, ku kwance masa rawani da riga, ku zuba masa ruwa a jiki kuna yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a tsaya ana cewa iskokai ne.

Lokacin damina

Ruwan Yamai bai da yawa in an kwatanta da na kudu. Tsakanin milimita 500 da 600 ake samu a shekara, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba. Amma yadda yake zuwa shi ne abin tsoro. Hadari yana tasowa daga gabas, iska mai ƙarfi da bangon ƙura suna gabansa. Mazauna birnin ba su manta da ranar 4 ga Mayun 2020 ba, sa'ad da sama ta yi ja da rana tsaka, gari ya yi duhu kamar an yi magariba. A irin wannan sa'a ba a zancen zaɓen hula. Ana sauka ne, a ja keke a shiga shago ko zaure mafi kusa. Kada a fake ƙarƙashin itace ko allon talla, saboda tsawa da karyewar reshe. Hadarin namu yawanci ba ya daɗewa, kuma wanda ya yi latti ya fi wanda bai iso ba.

In yayyafi ne, ko ruwan ya tsagaita, hana salla ta fi kowace hula amfani, domin bakinta yana tare ɗigon da ke shiga ido, balle ga mai tabarau. Malafa tana jure yayyafi, amma in ta jiƙe ta yi nauyi, in ba a shanya ta ba kuma ta yi fumfuna. Hula mai aikin hannu kuwa, ruwa maƙiyinta ne: yana karya ta, yana iya sa launin zare ya zuba cikin fari, sai an kai wa masu wankin hula sun sake ɗora ta bisa itace sun gyara. Mai hikima yana aje leda cikin jakarsa domin hular.

Abu biyu nake gani kowace damina waɗanda ke tayar mini da hankali. Na farko, mai keke riƙe da laima a hannu ɗaya. Na biyu, mai rigar ruwa da ya ja hularta ta rufe masa gefen fuska, in ya waiwaya sai ya ga cikin hular maimakon hanya. Ku tuna cewa birkin keke yana kama bakin ƙarfen ƙafa ne, in ƙarfen ya jiƙe sai birkin ya yi santsi, tsayawa ta ɗauki nisa fiye da yadda aka saba. Ga ramukan da ruwa ya rufe, ga kwatocin da ba su da murfi, ga kwarin Gunti Yena da ke cika cikin ƙanƙanen lokaci. Wanda zai sa hular rigar ruwa, ya fara sa hana salla a ƙarƙashi, ya ɗaure igiyar sosai, don hular ta riƙa juyawa tare da kansa.

Tambaya ta biyar

Yanzu ga tambayar da na aje: in na faɗi, me wannan hula za ta yi wa ƙoƙon kaina? Amsar zanna da malafa da rawani da hana salla ɗaya ce: ba kome. Kaske kaɗai, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira hular kwano, aka yi domin wannan aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutane miliyan 1,19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mutuwa in an kwatanta da yawan jama'a. Ga masu ƙafa biyu, bugun kai ne babban mai kisa. Wani nazari da masana biyu na Ostareliya suka fitar a 2016, wanda ya tattara bincike 40 a kan mahaya keke fiye da 64,000, ya nuna cewa kaske yana rage munanan raunukan kai da kusan kashi 70 cikin 100. Su kansu gwanayen tsere sai da suka sha wuya kafin su yarda. Ranar 18 ga Yulin 1995, Fabio Casartelli, ɗan Italiya, zakaran gasar Olimpik ta 1992, ya faɗi a gangaren tsaunukan Pirene cikin tseren zagayen Faransa, ya mutu yana da shekara 24. A watan Maris na 2003 Andrei Kivilev, ɗan Kazakistan, ya mutu a tseren Paris zuwa Nis. A shekarar ce hukumar tseren keke ta duniya ta wajabta kaske ga ƴan tsere.

Sirrin kaske yana cikin farin soson nan mai tauri da ke ciki. In kai ya bugi ƙasa, soson ne ke murƙushewa ya shanye bugun kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Sau ɗaya yake wannan aiki. Kasken da ya taɓa shan mummunan bugu ya gama amfani, ko da bayansa yana ƙyalli. Don haka mai sayen na bosho a Katako ya juya shi ya duba ciki da kyau. In ya ga tsaga ko lotsawa, ya aje. A cikin na ƙwarai akan ga tambarin gwaji, irin EN 1078 na ƙasashen Turai. Kasken magina ba ya cikin lissafi: an yi shi ne don abin da ke faɗowa daga sama, kuma shi ke fara tashi in mutum ya faɗi. Wajen sawa, ya zauna daidai, bakinsa yatsa biyu bisa gira, igiyar haɓa a ɗaure yadda yatsa ɗaya kawai zai shiga. Kada a bar shi kullum cikin rana, zafi yana lalata shi.

Na san abin da za a ce: yana da tsada, yana da zafi, kuma mutane za su yi dariya. Game da zafi, kasken keke daban yake da na moto. Ba shi da nauyi, yana da ƙofofin iska, kuma ana iya sa siririn ƙyalle ƙarƙashinsa da bazara ko siririyar hular sanyi da hunturu. Game da tsada, a kwatanta da kuɗin hoton kai da na magani da na wata biyu ba aiki. Masu cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa, gaskiya ne, amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Ban ce a kafa doka a saki ƴan sanda su riƙa kama masu keke ba. Mun ga yadda ta kaya da masu moto a wasu wurare: a Wagadugu tilasta kaske ya jawo tarzoma a watan Satumban 2006, a Kano kuma, a Janairun 2009, an ga ƴan acaɓa sun kifa ƙwarya a kai don su tsere wa tara. Abin da mutum bai fahimta ba, wayo zai yi masa. Kuma kaske ba shi ne dukan maganin ba. A ƙasar Holan masu keke kaɗan ne ke sa shi, amma an ware musu hanyoyinsu nesa da motoci. Wannan aikin hukumomin birni ne: duk sabuwar kwaltar da za a shimfiɗa a Yamai, a tuna da mai keke, a kuma riƙa kwashe rairayin da ke taruwa gefen hanya, wanda ke tilasta masa shiga tsakiyar motoci.

Ƴan kasuwarmu na Babbar Kasuwa da Wadata da Katako, ga ciniki yana jiran ku. Mai sayar da keke ya aje kaske kusa da shi, ya nemo na ƙwarai, har da na yara. Mai sayar da malafa ya sa mata igiya tun kafin ta bar rumfarsa. Shugabannin ma'aikatu kuma, masu aiken masinja da takardu cikin ranar Afrilu, kaske ɗaya da randar ruwa a ƙofar ofis ba za su karya kasafin kowa ba.

Ga mai keke shi kansa, shawarata ita ce ya yi hula biyu: ta hanya da ta shiga mutane. Ta hanya a kai, ta mutunci cikin leda a jaka. In an iso, a jingine keke, a share zufa, a canza. Minti ɗaya ne. In kuwa wata rana iska ta ɗauke abin da ke kanka, kada ka kai hannu, kada ka waiwaya. Ka riƙe kekenka da hannu biyu, ka matsa gefe, ka tsaya, sa'an nan ka koma ka nema.

Dattijon nan ya warke ya koma bakin aikinsa. Kwanan baya na gamu da shi ƙofar ma'aikatarsu yana kwance igiyar malafa daga haɓarsa, ya buɗe jaka ya fito da zannar nan ya kafa. Na ce: "Baba, saura kaske." Ya yi dariya ya ce sai albashi ya fito. Na yi masa alkawarin zan koma in tambaya, kuma zan koma.

Allah ya kiyaye mu a hanyoyinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.